Injin Jirgin Ruwa a Ƙasar da Ba Kogi: Tarihin Dizal a Damargu

Babu kogi a Damargu. Daga Bakin Birji zuwa Tanut, daga Gangara zuwa Belbeji, ruwan da ido ke gani a sarari na tabkunan damina ne, yawancinsu kuma kan ƙafe kafin hunturu ya wuce. Kwarin Tarka ma, da ya ratsa ƙasar Belbeji ya yi yamma, tsohon kogi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya shaida. Yaron da ya tashi a nan yana iya yin furfura bai taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba. Amma wanda ya leƙa ɗakin inji a wata tashar famfo ta arewacin Tanut, ya duba yadda aka haɗa kayan, zai tarar da irin tsarin da aka ɗora wa wani jirgin ruwa na kogin Volga, a Rasha, a 1903.

Sunan jirgin Vandal. Na kamfanin Branobel ne, na gidan Nobel masu rijiyoyin mai a Baku, an kuma ƙera shi don dakon kananzir daga Volga zuwa birnin St. Petersburg. Tsawonsa ya kai mita 74, yana ɗaukar kimanin tan 800. A lokacin injin dizal jariri ne, don sai a 1897 Rudolf Diesel ya samu injinsa ya yi aiki yadda ake so a Augsburg ta Jamus. Abin da ya ja hankalin mutane gare shi shi ne ƙarancin shan mai. Ba ya bukatar fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da in an fesa mata mai sai ya kama da kansa. Sai dai yana da aibin da matuƙin jirgi ba ya yafewa: injunan farko ba su iya juyawa da baya. Jirgin da zai riƙa shiga ƙofofin magudanan ruwa, yana tsayawa yana ja da baya, ina amfanin injin da gaba kawai ya sani?

Dabarar da injiniyoyin suka yi ita ce raba injin da farfela. Suka girka injunan dizal uku a tsakiyar jirgin, kowanne mai ƙarfin doki 120, kowanne yana juya janareto. Wayoyi suka ɗauki lantarkin zuwa bayan jirgi, inda wasu na'urori da lantarki ke juyawa suke murɗa farfela uku. In ana son baya, sai a sauya wa lantarkin hanya, injin kuwa yana can yana bugunsa bai san abin da ake ciki ba. Kamfanin ASEA na Suwidin ne ya yi kayan lantarkin.

Haka yawancin rijiyoyin burtsatse masu inji suke a Damargu a yau. Dizal na juya janareto a ɗaki, waya ta bi bututu ta nutse cikin ƙasa, a can ƙarshe na'urar juyi tana murɗa ƙananan farfeloli a jere, su kuma su turo ruwa sama zuwa shato, wato babban tankin ruwa. Can farfela na tura jirgi, nan tana tura ruwan kansa.

A shekarar da Vandal ya shiga ruwa, abin da ke tafiyar da kaya a Damargu raƙumi ne, abin da ke tafiyar da masu raƙumi kuma gero. Ƙasar tana kan hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Gat da Abzin ta sauka Damagaram da Kano, ita ce kuma ƙasar noma ta farko da ayari ke tararwa bayan ya ƙetare daji daga Agadas. Buzayen Kel Ewey suna da ƙauyuka da barori a nan, manoma Dagra da Hausawa na cika rumbuna, da wannan geron ake sayo gishiri da dabino a Bilma da Fashi. Bajamushe Heinrich Barth ya sauko tare da ayarin gishiri a watan Janairun 1851, a Tagelel ta Damargu kuma tawagarsu ta rabu: Richardson ya nufi Damagaram, Barth da Overweg suka yi wajen Tasawa. A idon Barth, Damargu rumbun Abzin ce. Bayan kusan shekara hamsin, rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratsa ƙasar a hanyarta ta zuwa Damagaram, inda ta isa a farkon Nuwamban 1899. Da raƙuma kusan 1,000 ta baro Aljeriya, amma kafin ta bar Abzin yawancinsu sun mutu.

Ba injin dizal ne ya kashe wannan hanya ba, ko da yake da hannun jiragen ruwa a ciki. Dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar kuma Italiya ta mamaye Tarabulus. Falken da ke aika fata da gashin jimina arewa, su yi watanni a bayan raƙumi, ya ga ana iya sauke su Ikko a sa a jirgi a kuɗi kaɗan. A 1912 Selandia, babban jirgin teku mai injin dizal da aka ƙera a Kopenhagen, ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Bangkok, alamar cewa dakon teku zai ci gaba da araha. Yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, tawayen Buzaye a kan Faransawa, ya ƙarasa sauran. Faransawa sun ƙwace raƙuma, Abzin ta watse, Buzaye da yawa suka gangaro kudu suka zauna a Damargu da ƙasar Hausa.

Akwai wani labari na gefe da bai kamata a wuce shi ba. A babban baje kolin Paris na 1900 an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, ya kuma yi aiki lafiya lau. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, da tunanin ƙasashen Afirka da take mallaka za su noma man injinsu da kansu. Diesel ya ba da labarin da bakinsa a 1912, shekara guda kafin ya ɓace daga jirgin ruwan Dresden tsakanin Beljiyam da Ingila. Tunanin bai je ko'ina ba. Gyaɗar Magarya da Matamai ta bi hanyar teku zuwa Faransa, man inji kuma ya riƙa zuwa a duro daga bakin teku, ya iso da tsadar hanya a kansa.

A kan mota injin ya fara shigo Damargu. A shekarun 1930 motocin kamfanin SATT suka fara bin hanyar Aljeriya zuwa Kano ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, Tanut na kan layin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motoci masu shan dizal suka yawaita, Berliet daga Faransa, Marsandi daga Jamus. Gingimari guda na kwashe abin da raƙuma sittin ko fiye za su ɗauka, ba kuma ta neman kiwo a hanya. Geron Damargu ya ci gaba da tafiya Agadas, daga 1971 har Arlit inda aka fara haƙar yuraniyom, sai dai ribar dakon ta koma hannun mai mota da ke Damagaram ko Maraɗi. Da aka zo shimfiɗa titin yuraniyom a ƙarshen shekarun 1970, ta Tawa aka bi da shi, aka bar Tanut a gefe. Raƙumi ya tsira da hanyar gishiri, inda rairayin Tenere ya daɗe yana gagarar taya.

Inda injin ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne bakin rijiya.

Ruwan Damargu yana da nisa. Rijiyar gaba talatin ko arba'in ba abin mamaki ba ce, akwai ma waɗanda suka zarce. Ba a jan irin wannan da hannu don shayar da garke. Igiya ake ɗaura wa raƙumi ko sa ko jakuna, yaro ya kora su su yi nisa, sai wasaki ya leƙo baki mai rijiya ya ƙwala kira a tsaya, a juye a kwami, a dawo a sake. Ana iya farawa da asuba a kai la'asar. Wannan wahala kuwa ita ce dokar daji. Rijiya tana da adadin dabbobin da take iya shayarwa a yini, don haka ciyawar da ke kewaye da ita ba ta samun bakin da ya fi ƙarfinta. Wanda ya gina rijiya shi ke da ikon fari. Baƙo ba a hana shi ruwa, amma sai ya yi sallama ya roƙa, a kuma yanka masa kwanakin da zai yi. Mai rijiya, ba tare da wata takarda ba, shi ne mai makiyaya.

A watan Mayun 1961, ƙasa da shekara guda da samun 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta yi dokoki biyu. Ta farko ta ja iyakar noma ta arewa, layin da ya ratsa saman Damargu, ta biyu ta ayyana abin da ke bayan layin a matsayin yankin zamanantar da kiwo. A 1963 aka kafa OFEDES, ofishin ruwan ƙarƙashin ƙasa, aka ɗora masa ginin rijiyoyin siminti da kula da tashoshin famfo masu inji. Gwamnati ke sayen mai, ita ke biyan mai gadin inji, ruwa kuma kyauta ga kowa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Makiyayin da ke kashe yini a bakin rijiya yanzu sai ya kora shanu su sha cikin sa'a guda.

Ba a daɗe ba kuwa aka ga ɗaya fuskar. Famfon gwamnati ba shi da mai shi, ba wanda ake roƙo, ba wanda ke yanke kwana. Garkuna suka riƙa tahowa daga nesa, Fulani da Buzaye da shanun attajiran gari, har ciyawar kewayen tasha ta ƙare tun rani bai yi nisa ba, ƙasa ta koma fili fetal. Masanin Faransa Edmond Bernus, da ya yi shekaru yana bin wannan lamari a arewacin Tawa, ya nuna yadda tashoshin suka riƙa ɗaukar dabbobin da suka ninka abin da aka tsara musu, da yadda mutanen da makiyayar take tasu tun kaka da kakanni suka wayi gari ba su da ta cewa. Da farin 1973 ya zo, an ga dabbobi sun mutu da yunwa ga ruwa a kwami. Ba daidai ba ne a ɗora wa injin laifin fari, sama ce ta hana ruwa. Amma waɗanda suka tsara aikin sun auna litar da famfo ke fitarwa a sa'a da kyau, ba su auna abin da igiya da wasaki ke tsarewa ba.

Bayan farin 1984 da matsin tattalin arziki na waɗannan shekaru, gwamnati ta fara janye hannu. Aka kafa kwamitoci, aka ce masu sha su biya. Daga nan ruwa ya samu farashi, kan jarka ko kan kan dabba, farashin kuma yana bin na gazuwal, wato man dizal, sau da ƙafa. Kalmomi biyu ne suka fi tayar wa makiyayi hankali a bakin tasha: "babu mai". In ma'aji ya ci kuɗin, ko motar mai ta yi latti, ko wani ƙarfe ya karye sai an aika Damagaram, to garke ya koma tsohuwar rijiya, in dai ba a bar ta ta rufta ba.

Wanda ya san girka janareto a jirgi zai ga rabin aikin nan sananne ne, rabi kuma a juye. A jirgi ana ɗaure injin a kan katako ko ƙarfen gindi, a sa masa roba a ƙafafu don kada girgiza ta kwance jikin jirgin. A Damargu dakalin siminti ake zubawa, a dasa ƙarafa tun yana ɗanye, a ɗaure da noti, don injin da bai zauna daidai ba yana cin kansa da kansa. A jirgi babban abin tsoro hayaƙi ne, domin ɗakin inji a rufe yake, gubar da ke cikin hayaƙin kuma ba ta da wari, sai dai mutum ya yi barcin da ba tashi. Haka ma a tudu, shi ya sa ake huda bango a fitar da salansa waje. Inda suka rabu shi ne sanyaya. Mai jirgi yana zaune a kan ruwa, famfo ya jawo na kogi ya ratsa inji ya fita da zafin, abokan gabansa ciyawar ruwa da gishiri da tsatsa. A nan ba ruwan zubarwa, zafin Afrilu da Mayu na haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, sai ƙarfin inji ya ragu daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Shi ya sa injuna masu sanyaya da iska, irin waɗanda kamfanin Deutz ya fara fitarwa a 1944, suka samu karɓuwa a ƙasashen hamada. Sai ƙura. Hazon hunturu kan toshe filta cikin kwanaki, in kuwa yaron inji ya gaji ya cire ta ya yar, rairayi ya shiga ya goge fistan, kafin shekara ta zagayo inji ya fara shan baƙin mai yana tari.

A rumfar mai niƙa ake ganin abin kusa da kusa. Injin da ya fi yawa a kasuwannin karkara jikan Lister ne, wanda aka fara ƙerawa a Dursley ta Ingila a 1929, mai fistan ɗaya, mai bugu a hankali, kimanin juyi 650 a minti. Ingila ta daina yin sa a 1987, amma masana'antun Rajkot a Indiya ba su daina ba, daga baya kuma na Sin suka shigo da araha. A gefensa akwai duro cike da ruwa da tiyo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ba famfo: ruwan da ya yi zafi shi ke hawa da kansa, mai sanyi ya sauko. Mai niƙa zai ɗaga ɗan ƙarfen da ke sakin matsi, ya sa hannun tayarwa, ya murɗa har babbar ƙafar ƙarfen ta ɗauki gudu, sannan ya saki. Inji ya yi tari biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya kama. Sai a ja bel, mata su matso da kwanoni a layi, gari ya bi gashin ido da gemun kowa. In mai ya ƙare ana cikin aiki, a ce inji ya sha iska, dole a kwance bututun mai a yi ta bugawa har kumfa ya daina fita. Matar da ta san surfe da daka na gidan mutum goma sha biyar ba ta bukatar a yi mata bayanin abin da wannan ƙara ta rage mata.

Lantarki ya zo a makare. An kafa kamfanin lantarki na NIGELEC a 1968, garuruwan da ke nesa da babban layi kuma da janareton dizal aka riƙa haska su, sau da yawa na wasu sa'o'i kawai a dare. Damagaram da Maraɗi sun samu layi daga Katsina a 1994. Da wayar salula ta shigo Nijar a 2001, kowace eriya a daji ta zo da nata janareto da tankin mai da mai gadi. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker, da ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dillalin gero a Bakin Birji yana jin farashin Agadas kafin ya ɗaure buhu, a bayan wannan kira kuwa akwai wani inji da ke bugu a cikin shinge.

Duk wannan zamani man daga waje yake zuwa, ko ta Kwatano a hannun kamfanin mai na SONIDEP da aka kafa a 1977, ko ta ɓarauniyar hanya daga Najeriya. Sai ga shi a watan Oktoban 2008 Shugaba Tandja Mamadou ya aza harsashin matatar mai a gundumar Ollelewa, cikin ƙasar Tanut, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram. A ranar 28 ga Nuwamban 2011 Shugaba Issoufou Mahamadou ya buɗe ta. Matatar, mai suna SORAZ, na iya tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man na zuwa ta bututu mai tsawon kilomita 462 daga Agadem, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. A shekarar ce kuma aka yanke Belbeji daga Tanut ta zama sashen mulki mai zaman kanta. Ƙasar da ke ciyar da ayari da gero ta koma cika tankoki da gazuwal, har ana fitar da shi ƙasashen maƙwabta. Wani kaso na ruwan da birnin Damagaram ke sha ma daga rijiyoyin Ganaram yake zuwa, a gundumar Ollelewa dai.

Kusanci da matata bai sa mai ya yi wa ɗan Damargu araha ba, domin gwamnati ke yanke farashi, ɗaya ne a gidajen mai na ƙasa baki ɗaya, wanda ke Tarka ko Tenhiya kuma sai ya ƙara kuɗin dakon jarka. A watan Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, masu niƙa da kwamitocin famfo suka ji a jikinsu. A Yulin 2024 aka sauko da ita 618. Tsakanin nan an yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi, aka rufe iyaka har cikin Maris na 2024. Janareton da aka jingine aka kakkaɓe, kanikawa suka yi kasuwa, kayan gyaran da aka saba ɗaukowa daga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari a Kano kuma suka yi wuya suka yi tsada.

Yanzu faifan hasken rana ne ke cin kasuwar dizal a bakin rijiya. A 2017 Bankin Duniya ya fara tallafa wa wani shiri na haɗa tashoshin dizal na NIGELEC da hasken rana, sababbin famfunan ƙauye da yawa kuma da faifai ake gina su. Amma ba a cika fitar da janareto daga ɗakin ba. A watannin bazara, lokacin da tabkuna suka bushe garkuna suka taru, abin da rana ke ɗagowa daga safe zuwa la'asar ba ya isa, hazo ma kan rage shi. Shato kan ƙare da magariba alhali raƙuma na layi, sai shugaban kwamiti ya aika a auno lita ashirin, a ƙara kuɗin a kan na shayarwar dare.